Na mayar da faifan Baba Apapa

Bayan rasuwar Baba da kamar wata huɗu muka buɗe adakarsa ni da yayata, ita tana ta fito da tsofaffin riguna da takardun gona, ni kuma hannuna ya faɗa kan wasu fayafayan garmaho guda bakwai da aka naɗe cikin tsohon zanen gado. Shida na gida ne, su Shata da Ɗan Maraya, na bakwai ɗin kuwa na Turawa ne, baƙin kwali mai hoton mutum tara sun manne a jikin bango an dallare su da fitila kaman fursunonin da aka ritsa suna shirin tsallake katanga. Band on the Run, na Paul McCartney da ƙungiyarsa Wings. A bayan kwalin Baba ya rubuta da biro, rubutun ya koɗe amma ana karantawa: Apapa, 1974. Na san faifan tun ina yaro, lokacin rediyogiram ɗinmu na da rai, kuma na san abin da Baba ke faɗa duk sanda ya ɗora shi, wai a kan titinsu aka yi shi, shi da masu waƙar hanya ɗaya suke bi zuwa aiki. Mu yara mun ɗauka irin zancen manya ne kawai. Sai da na girma na karanta na gane wallahi gaskiya yake faɗa.

To da bikin 'yar Kawu ya taso a Agege sai na ce da faifan nan zan tafi. Na saka shi tsakanin kwalaye biyu na naɗe da rawanin Baba, ban yarda ya shiga but ba saboda zafi na lanƙwasa faifai kuma in ya lanƙwashe shikenan ya tashi daga aiki, a cinyata ya kwana tun daga Sabon Gari. Wata Hajiya da ke gefena ta haƙura har muka wuce Zariya sannan ta ce ɗana wai mene ne wannan kake ta riritawa kaman jariri, na ce faifai ne Hajiya, ta ce faifai har Legas, can babu masu saƙa ne? Da na buɗe mata ta gani sai ta riƙe baki, ta ce rabonta da ganin irinsa tun tana amarya, daga nan har Kaduna labarin garmahon mijinta take ba ni. Hanyar dai kun santa, Abuja cikin dare, gadar Murtala a kan Kwara ba ka ganin komai sai baƙin ruwa, a Lokoja aka tsaya muka ci abinci, sai Okene da Akure da Ibadan, ramuka da shingaye, muka shiga Legas ta Berger rana ta yi sama ƙafafuna sun kumbura.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya haura saba'in, kuma ɗaki ɗaya suka zauna da Baba a Legas tun kafin ma a yi maganar auren Inna. Baba malamin ƙirga ne a lokacin, buhunan gyaɗar da jirgin ƙasa ke saukowa da su daga Kano shi ke tsayawa da littafi yana ƙirgawa kafin a loda su a jirgin ruwa, Kawu kuma yana harkar shanu. Bayan an watse daga ɗaurin aure na kai masa faifan ɗakinsa, ya karɓa da hannu biyu ya daɗe yana kallon rubutun biron nan bai ce komai ba, can ya ce ashe bai yar da shi ba. Na ce Kawu so nake na je na ga wurin. Ya ce kai kaɗai ba za ka gane ba, jibi in Allah ya kai mu tare za mu. 'Ya'yansa suka yi ta hana shi saboda gwiwa, ko kallonsu bai yi ba.

Jirgin ƙasan nan sabo da aka fara a 2024 muka hau daga Agege zuwa Oyingbo, kuma abin da ya taɓa ni shi ne a kan tsohuwar hanyar dogon yake bi, hanyar da gyaɗarmu ta bi shekara da shekaru. Da muka tsaya a Ikeja na leƙa ta taga, don a nan su Paul suka sauka a 1973, gidajen haya kusa da filin jirgi, kullum daga nan suke keta gari zuwa Apapa. Labarin zuwan nasu ma abin ji ne. Beatles, tsohuwar ƙungiyar su Paul, ta watse a 1970, Paul ya kafa Wings a 1971, sun fitar da faifai biyu masu sharhi ba su wani yaba ba, mutane sun fara cewa mutumin nan ba zai iya komai ba sai da tsofaffin abokansa. Sai ya nemi kamfanin faifai na EMI su ba shi jerin situdiyoyinsu na duniya, ya duba ya ga Legas ya ce nan za shi, a tunaninsa da rana a kwanta bakin teku da dare a yi waƙa. Ana dab da tafiya mai jita Henry McCullough ya fice, mai ganga Denny Seiwell kuma ana gobe tashi ya bugo waya ya ce ba ya zuwa. Mutum uku suka rage, Paul da matarsa Linda da Denny Laine, sai injiniyansu Geoff Emerick wanda ya yi aiki da Beatles a da. Suka sauka ƙarshen Agusta damina ba ta ɗauke ba, ƙasa na hannun soja zamanin Gowon, shekara uku kacal da gama yaƙin basasa, naira ma a watan Janairun shekarar ta fito mutane na ta lissafi da fam da sule a ka.

Ina ba Kawu wannan labarin yana gyaɗa kai, shi ba sunayen ne suka dame shi ba, shekarar ce. Ya ce 1973 ai ba za ta mantu ba, shekarar fari ce, shanu suna zuwa daga Arewa ƙashi da fata, gyaɗa ta fara ja baya, Babanka kullum ya dawo sai ya ce taragu sun ragu. Wato lokacin da waɗancan ke neman yadda za su tsira da sunansu a cikin wani ɗan ɗaki, a waje kuma sana'ar da ta kawo iyayenmu Legas ce ke mutuwa a hankali, titi ɗaya.

Daga Oyingbo muka shiga danfo ta Ijora, kuma duk wanda bai taɓa shiga Apapa ba ba zai gane ba sai ya gani, tankoki da tireloli sun yi layi a kan gada kaman an shuka su, direbobi da yaran mota yawancinsu 'yan uwanmu ne sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota wani na barci wani na wanki wani na dafa taliya a risho, hayaƙi da warin gas da iskar teku mai gishiri duk a haɗe. An hana acaɓa a yankin tun 2022 saboda haka da motar ta maƙale sauka muka yi muka taka, Kawu na dogara sanda ni ina rungume da faifai a ƙirji ina kare shi daga masu turo baro. Akwai titi a Apapa da ake kira Liverpool, sunan garin da aka haifi Paul, na nuna wa Kawu allon ya ce ai tun zamaninsu haka sunan yake.

Wharf Road ba wani dogon titi ba ne, ya miƙe ne zuwa ƙofar tashar jiragen ruwa, bankuna da ofisoshin masu fiton kaya da tsofaffin gine-gine wasu an yi musu fenti wasu sun yi baƙi da ruwan sama. Muka bi shi daga wannan kai zuwa wancan muka dawo. Na tambayi masu gadi uku, samari ne, babu wanda ya taɓa jin an yi situdiyo a nan, ɗaya ma ya ɗauka wurin ɗaukar hoto nake nema. Ni dai ban ga allo ko wata 'yar alama ba a duk inda idona ya kai. Kawu ya tsaya a gaban wata katanga ya ce nan ne wajen, ya ce yana tuna motoci na tsayawa ana sauke ganguna da manyan lasifikoki, da samari masu wando fantalo da tulin gashi suna zaune a bakin ƙofa suna jira, su kuma in sun taso daga aiki sukan rage tafiya su saurara ko za su ji wani abu. Na tsaya ina kallon katangar, kwantena na wucewa a bayana ƙasa na girgiza, na ciro faifan daga rawani na riƙe shi a wurin na ɗan lokaci, ban san me ya sa ba idona ya cika.

Muka zauna wajen wani mai shayi ɗan Tawa, ya ba Kawu benci ya ce Baba sannu da ƙoƙari, ya haɗa mana mai kauri da burodi. A nan na ƙarasa wa Kawu abin da ya faru a cikin ɗakin. Na'urar ɗauka ɗaya ce tal mai layi takwas, alhali a Landan sun saba da wadda ta ninka haka, kuma tunda babu mai ganga Paul da kansa ya zauna ya kaɗa, ya koma ya ɗauki jitar bes, ya koma ya yi yawancin jita, ya rera, ana ɗora wannan kan wancan. Wani dare shi da Linda suka fita da ƙafa duk da an gargaɗe su, wata mota ta tsaya mutane suka fito da wuƙa suka kwashe abin da ke jikinsu har da jakar da ke ɗauke da kaset ɗin gwajin waƙoƙin da takardun baitoci, dole ya zauna ya tuno su da ka. Kawu ya ce Allah ya tsare su ne kawai, don a shekarun nan ɗan fashi in an kama shi Bar Beach ake kai shi a ɗaure a jikin durom a harbe a gaban jama'a, shi ya sa ba sa son barin wanda zai gane su. Wata rana kuma ana cikin aiki numfashin Paul ya sarƙe ya fita shan iska ya yanke jiki ya faɗi, Linda ta ɗauka zuciya ce, a asibiti aka ce maƙogwaro da huhu ne saboda yawan shan taba. Duk da haka kafin Satumba ta ƙare sun koma Ingila da mafi yawan aikin a hannu, aka ƙarasa sauran a situdiyon AIR a Landan inda Tony Visconti ya tsara kiɗan goge da ƙahonni, faifan ya fito ƙarshen 1973, ya hau na ɗaya a Ingila da Amurka, kuma shi ya dawo wa Paul da mutuncinsa a idon masu cewa ya ƙare.

Mai shayin na ta saurare yana fifita wuta, sai ya ce to Malam mu me muka samu a ciki? Tambayar nan ta bi ni har gida. Kusan ita ce mawaƙin nan Fela Kuti ya yi tun a lokacin, don da ya ji Bature ɗan Beatles ya sauka a gari fitowa ya yi a fili ya ce sun zo satar kiɗan baƙar fata ne. Paul ya gayyace shi situdiyon ya kunna masa abin da suka ɗauka don ya ji da kunnensa babu kiɗan Afirka a ciki, maganar ta lafa. Ni a ganina Fela na da hujjar jin tsoro, wanda aka daɗe ana kwashe masa gyaɗa da koko da kuza a kai waje a sarrafa a dawo a sayar masa ba za ka ce ya yi saurin zargi ba in ya ga an zo da na'ura wajen gangarsa. Shi ma Paul abin da ya yi daidai ne, bai tsaya musu a jarida ba ya ce zo ka ji. Kuma ya je gidan rawar Fela ya ga wasansa, ya sha faɗa daga baya cewa kiɗan ya sa shi kuka. Abin da ke ci mini rai daban ne. Ɗakin nan ba don Turawa aka gina shi ba, a cikinsa mawaƙanmu suka yi ta aiki, Fela ya yi ɗauka da EMI, Sonny Okosun ma haka, yaran Ofege 'yan makarantar St Gregory's a 1973 ɗin nan suka yi faifansu na farko a ƙarƙashin Odion Iruoje. A Landan mutane na tahowa daga ko'ina cikin duniya don kawai su tsallaka titin Abbey Road, inda situdiyon da Beatles suka yi aiki yake, a ɗauke su hoto, mu kuwa ga namu mai gadin da ke tsaye a kan titin ma bai taɓa jin labari ba, kuma ba laifinsa ba ne, babu wanda ya gaya masa.

Washegari na je Ikeja ni kaɗai, gidan Fela na titin Gbemisola da aka mayar gidan tarihi, kabarinsa na nan a harabar gidan, a sama ga ɗakinsa da takalmansa jere. Na ji daɗin ganin an adana wannan ko ba komai. A Ikeja ɗin ne kuma Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream wanda ya keto sahara da mota ya zo ya zauna a Najeriya, yake da nasa situdiyon mai suna ARC, ya so su Paul su yi duk aikin a wurinsa, suka je rana ɗaya suka ɗauki waƙar faifan mai suna Picasso's Last Words, shi Ginger ɗin gwangwani ya cika da tsakuwa yana girgizawa, in ka kasa kunne za ka ji shi.

Saura abu ɗaya, ban ji faifan nan da allura ba tun ina firamare. A waya na sha jin waƙoƙin amma ba shi nake nufi ba, wannan na Baba nake so na ji. Wani ɗan Kawu ya ce akwai wani dattijo Bayerabe mai gyaran rediyo a bayan kasuwa da ba ya yar da komai, muka je da la'asar har da Kawu. Shagon ɗan ƙuƙut ne, tsofaffin talabijin har rufi, mutumin na jin Hausa sosai don ya yi zaman Jos, da ya ga Kawu ya rusuna ya ce sannu Alhaji, da ya ga kwalin kuma sai ya yi wata 'yar ƙara ya shige ciki ya fito da garmaho ya hure ƙura. Bai yarda na taɓa fuskar faifan ba, da tafin hannu biyu ya riƙe gefe da gefe ya ɗaga shi wajen haske yana juyawa, ya goge da wani lallausan ƙyalle yana bin zagayen layin, ya saita gudun a 33, ya sauke allurar a hankali kaman mai saka wa jariri kwalli.

Farko ƙas-ƙas ɗin nan kaman ana soya gyaɗa a nesa, sannan jitar ta shigo a sanyaye. Waƙar farko kashi uku ce a haɗe, tana farawa a hankali kaman mutum na zaune a ɗaki an kulle shi, ta sauya ta yi nauyi, sai kuma gaba ɗaya ta buɗe da ƙahonni da jita mara lantarki kaman an wangale ƙofa, kuma wallahi a wannan shagon mai warin dalma da lasifika ɗaya na ji ta fiye da yadda na taɓa jin ta a waya. Na sa kunne wajen gangar musamman tunda yanzu na san wanda ya kaɗa da inda ya zauna, ba kiɗan gwaninta ba ne, a tsaye yake ba ado, irin na mutumin da ya san abin da waƙarsa ke buƙata ya ba ta daidai nan. Babu Legas a cikin sautin, Fela ya ji da kunnensa kuma ni ma na ji, amma ni dai da aka buɗe ƙofar nan titin jiya na gani da tirelolinsa da Baba yana saurayi da littafin ƙirga a hammata. Na ciro rigar ciki ta faifan na miƙa wa mai gyaran, akwai hoton su ukun a tsakiyar yara baƙaƙe, ya daɗe yana kallo ya ce yaran nan yanzu duk sun yi jika.

Waƙoƙi biyar ne a fuskar farko huɗu a ta biyu. Ana cikin ta uku, mai sanyin nan, sai na ga Kawu ya ɗaga hannu tun kafin komai ya faru, daƙiƙa biyu allurar ta yi tsalle ta koma baya, ta sake, ta sake, kalma ɗaya tana ta maimaituwa. Na tuna nan take, Baba kwabo yake ɗorawa a kan hannun allurar in an zo nan. Mai gyaran ya laluba cikin gwangwaninsa ya samo wani ƙaramin zoben ƙarfe ya ɗora, allurar ta ratsa ta wuce. Kawu ya sauke hannunsa ya ce ɗana ni na yi wannan kartar. Ya ce ranar wata Lahadi ce Babanka ya fita, na ɗauka zan kunna wa wasu baƙi hannuna ya goce, na mayar cikin kwali na yi shiru, da ya dawo ya ji ya dube ni na dube shi, har Allah ya karɓi ransa bai taɓa tambayata ba ni kuma ban taɓa faɗa ba. Ya sa bakin rawanin ya share fuska, ya ce Allah ya jiƙanka Yaya, muka ce amin har da mai shagon.

Da fuskar farko ta ƙare allurar ta shiga zagayen tsakiya tana ƙas, ƙas, ƙas, mai gyaran ya ce a juya? Daidai nan aka fara kiran magariba a masallacin bakin kasuwa. Kawu ya jawo sandarsa ya ce a bar shi a kai kar a cire, mu je mu dawo.